Juyi Tara na Baba Mita

Shekara talatin da uku mahaifina ya yi yana gwada mitocin wuta, har sunan aikin ya cinye nasa na yanka. Baba Mita kowa ke ce masa, daga masu gadi har manyan injiniyoyi. Idan wani ya kai ƙara cewa mitarsa tana gudu fiye da kima, ko ma'aikata suka yi zargin an taɓa wata, shi ake turawa da jakarsa da agogonsa. Zai tsaya gaban mitar, ya ƙura wa faifan da ke juyawa a cikinta ido, ya ƙirga sau nawa baƙin ɗigon da ke gefen faifan ya wuce a minti ɗaya, sannan ya rubuta. Abin da ya rubuta kuwa ya zauna ke nan, ko ɗan uban waye. An zage shi, an roƙe shi, an sha kai masa kaji har gida ya mayar da su da ƙafarsa. Innarmu takan ce da za a tambaye shi ko yana sonta, cewa zai yi a ba shi minti ɗaya ya ƙirga tukuna.

Ni ce 'yarsa ta biyu, kuma ni kaɗai na rage kusa da shi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Mamana yake kirana ko da faɗa muke yi, kuma muna yi. Gidana layi biyu ne daga nasa. Kullum idan na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai na biya da kwanon abincinsa, in hau matakala arba'in da biyu zuwa hawa na uku na wani tsohon bene da ya yi shekara ashirin yana haya a ciki. Ɗaki biyu ne da ɗan kicin. A ƙasa akwai shagon tela, a bayan bangon ɗakinsa kuma wata nas ce da mijinta direba da 'yan biyunsu da ba su kai shekara ba.

Da ya yi ritaya mun zaci zai huta, ashe lokacin ya samu sarari. Tun yana saurayi ya ga hoton wata na'ura a tsohuwar mujalla, wadda ke fitar da tartsatsin wuta cikin iska kamar walƙiya, ya yage shafin ya adana. Shekara arba'in takardar tana cikin littafin aikinsa. Ya samo bututun roba mai tsawon hannu, da taransifoma huɗu na fitilun tallar shaguna da aka yar, da kwalabe goma sha biyu da ya cika da ruwan gishiri ya naɗe da takardar gwangwani, da ƙusoshi biyu da ke fuskantar juna, da wani zoben alminiyam da ya ɗora a saman bututun. Wahalar duk tana wurin naɗin siririyar wayar tagulla a jikin bututun, zagaye dubu da ɗari, kowane manne da ɗan'uwansa. Innarmu ce ta riƙe masa kwarkwaron wayar a jikin fensir, shi yana juya bututun yana ƙirgawa. Sati uku suka yi a kai. Wata rana atishawa ta kama ta, ta fizgi hannu, wayar ta tsinke. Ya haɗa wurin da dalma, wani ɗan ƙulli ya fito a tsakiyar naɗin, ya sa masa suna atishawar Innarku. Ita kuma ta ce ai gara haka, ko ba komai ta sa hannu a aikin.

Ba ta ga na'urar tana aiki ba sai sau uku. Bayan rasuwarta Baba ya yi wata biyu ba ya ko buɗe taga, na rasa yadda zan yi da shi. Abin da ya tashe shi daga gadon nan ba ni ba ce, ba ƙanina da ke kira a waya daga nesa ba, ba likita ba. Na'urar ce. Kullum ƙarfe huɗu na yamma zai ja labule, ya sa ni in tsaya bakin ƙofa hannuna a baya, ya kunna. Sai ƙara ta cika ɗakin, shuɗin tartsatsi ya riƙa fita daga zoben yana lasar iska, wani ya kai kamu biyu. Minti ɗaya ya kashe, ya jira ta huce, ya sake. Ni dai tsoronta nake ji, kuma warinta yana sa ni ciwon kai. Amma a hasken nan ne kawai nake ganin haƙoran mahaifina a waje, don haka na yi shiru.

Matsalar ta fara ne da wari. Wata Litinin matar tela ta ce tana jin ƙaurin roba a matakala. Washegari fiyus na hawa na uku ya ƙone, aka canza, ya sake ƙonewa. Kafin Laraba kowa a benen ya zama injiniya, kuma duk yatsu sun nuna ƙofa ɗaya. Wakilin mai gida ya zo da kansa. Mutum ne mai ƙaton tumbi da ƙaramin haƙuri, ya hau matakalar yana haki, ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga.

"Baba, da girmanka da komai, ba na son mu yi haka da kai. An ce wannan abin naka yana shan wutar da ta fi ƙarfin gidan."

"Wa ya auna?" in ji Baba.

"Ba sai an auna ba, ai kowa na jin ƙararsa."

"Ƙara ba wuta ba ce. Rediyon tela ya fi shi ƙara."

Wakili ya share zufa. "To kai ne mai awo. Ranar Asabar zan tara mutanen gida. Ka nuna mana a gaban kowa cewa bai fi abin da kowa ke jonawa a ɗakinsa ba, in bar ka da kayanka. In ya fi, ko ya bar gidan nan ko ku bar shi tare."

Baba ya ce ya yarda. Ni kuwa na san ba zai iya barin ɗakin da Innarmu ta rasu a ciki ba, kuma na san abin da zai zama idan aka raba shi da na'urar.

Na yi zaton awon abu ne mai sauƙi. Na je wurin mai gyaran firji na aro masa irin mitar zamani mai kama da ƙaguwa, wadda ake maƙala wa waya ta nuna lamba a gilashi. Muka maƙala, ya kunna na'urar. Lambobin suka haukace: uku, talatin, sifili, wasu haruffa da ban taɓa gani ba, daga nan gilashin ya mutu gaba ɗaya. Na sayo wata da ake cusawa a soket. Ita minti ɗaya ma ba ta yi ba ta fara kuka kamar agogon tashi, ta nuna wai na'urar tana shan wutar da ta ishi asibiti. Baba ya yi tsaki ya ce waɗannan ƙwaƙwalwa gare su, tartsatsin yana ruɗa su, shi abin da yake so mita ce marar wayo. Yini guda ya tafi a haka, ni ina ta faɗa, shi yana ta shafa gemu.

Ranar Alhamis ya sa ni na jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe da tsohon zanin Innarmu, akwai mita mai faifai, irin wadda ya yi rayuwarsa da ita. An cire ta daga wani gida lokacin da aka kawo na zamani, aka ce a zubar, ya roƙa aka ba shi. Ya kafa ta a jikin katako, ya ja waya daga soket ta bi ta cikinta kafin ta isa na'urar. Ya nuna mini rubutun da ke fuskarta ya ce duk juyi goma a minti ɗaya wat dubu ke nan, wat kuwa shi ne ma'aunin wutar da abu ke sha. Sai ya ɗauki agogonsa, ya sunkuya gaban gilashin, ya daɗe a sunkuye. Ya goge tabarau, ya sake sunkuyawa.

"Mamana," ya ce, bai dube ni ba, "ba na ganin ɗigon."

Ban san idonsa ya kai haka ba, ya ɓoye mini. Na karɓi wurinsa, shi ya riƙe agogo kusa da hancinsa. Muka fara da dutsen guga, na ƙirga juyi goma sha biyu. Muka jona butar dafa ruwa, juyi ashirin. Sannan ya ja labule ya kunna na'urarsa, ni ina tsugune nesa da ita da tocila a hannu. Da ya ce tsaya, tara na ƙirga. Muka sake, tara. Sau shida muka yi, ba ta taɓa kai goma ba.

Na yi tsalle, na yi guɗa, na ce wallahi ranar Asabar sai matar tela ta haɗiye maganarta da ruwa. Dodon da ake tsoro ko dutsen guga bai kai ba. Baba ya yi murmushi, ya rubuta tara a littafinsa. Amma da na zo tafiya na gan shi tsaye ya dafa bangon da ke saman soket da tafin hannunsa, kamar mai jin zazzaɓin yaro. Na ɗauka gajiya ce.

Da na zo ranar Juma'a ban same shi da fara'ar jiya ba. Ya fito da wata mitar daga akwatin, ƙarama, mai allura, ya riga ya haɗa ta a layin. Ya ce wannan ba wat take aunawa ba, amfiya take aunawa, wato yawan wutar da ke bi ta cikin wayar. Ya jona dutsen guga ya ce in karanta masa. Allurar ta tsaya kaɗan sama da biyar. Ya kunna na'urar. Allurar ta yi tsalle ta wuce biyar, ta wuce takwas, ta tsaya tana rawa a kan goma sha ɗaya.

"Ita ma wannan ta haukace," na ce.

"Wannan ba ta da ƙwaƙwalwar da za ta haukace."

"To yaya za a yi faifai ya ce ba ta kai dutsen guga ba, allura ta ce ta ninka shi? Dole ɗaya ƙarya take yi."

"Babu mai ƙarya a cikinsu." Ya zauna a bakin gado. "Ki ɗauka mutum ne yake hawa matakalar nan da bokiti cike da ruwa, ya zuba kaɗan a sama, ya sauko da sauran, ya sake hawa. Faifai ruwan da aka zuba kawai yake ƙirgawa. Matakala kuwa kowane taku tana jin sa, hawa da sauka. Taransifomomin nan haka suke, suna jan wuta da yawa su mayar da mafi yawanta. Wayar da ke cikin bango ita ce matakalar. Kuma idan amfiya ta ninka biyu, zafin waya sau huɗu yake ninkawa."

Ya kama hannuna ya ɗora a bangon. Da ɗumi, ba sosai ba, kamar wurin da mutum ya tashi daga zama. Ya ce akwai mahaɗar waya a daidai nan cikin bango, tsohuwa ce, siririya, tun ginin farko. Sannan ya tambaye ni ko na san abin da ke ɗaya gefen. Na sani, domin na sha shiga ɗakin nas. Gadon 'yan biyu ne a jingine da bangon.

Allah ya yafe mini abin da na faɗa bayan nan, amma zan faɗe shi yadda ya faru. Na ce masa wakili wat ya tambaya, ba amfiya ba. Na ce a duk benen nan babu wanda ya san akwai wani abu wai shi amfiya, shi kaɗai ne. Na ce ya nuna musu tara ɗinsa, gaskiya ce ba ƙarya ba, in sun watse sai mu gyara a hankali ba wanda ya sani. Shi da bakinsa ya ce akwai gyara, wasu 'yan na'urori da ake kira kafasita ake sawa a gaban taransifoma su hana wutar kai-komo, sai kuma a canza wayar bango. Na ce to me ya rage? Ya ce wayar bango ba a canza ta a ɓoye, sai an fasa ta ɗakin nas, kuma ba wanda ya san yadda ta riga ta dahu a ciki. Ko bai sake kunna na'urar ba, ranar da wani ya jona buta za ta iya kamawa.

"Baba, za su raba ka da ita fa."

"Na sani."

"Ka san yadda ka zama bayan Inna. Ni ba zan iya sake ganin haka ba, wallahi ba zan iya ba."

Ya koma ya zauna a bakin gado. Na yi kuka, na yi masifa, na ce gaskiyar da ta hana shi gina ko ɗaki ɗaya a shekara talatin da uku ita ce yanzu za ta ƙwace masa ɗan abin da ya rage. Bai musa ba. Da na gaji ya ce in tafi gida, yarana na jirana. Na sauka matakalar ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa, domin na san idan 'ya'yana ne a bayan bangon nan da ni zan fara fasa ƙofarsa.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu mutum goma sha ɗaya suka cika ɗakin da barandar. Tela ne aka ba ƙirga, tunda shi ya fi kowa zargi, wakili ya riƙe agogo. Dutsen guga, sha biyu. Buta, ashirin. Aka ja labule, Baba ya kunna. Mata suka yi baya suna salati, direba ya ce kai, kai, kai, tela kuwa ya manta da tsoro yana ƙirgawa da ƙarfi. Tara. Ya ce a sake, aka sake, tara. Sai ɗakin ya ɓarke da dariya. Direba ya ce ashe butar matar tela ce za ta ƙona su, ita ya kamata a kora. Wakili ya mayar da agogo aljihu ya ce magana ta ƙare, Baba ya yi haƙuri, za a kira mai gyara ya duba fiyus. Mutane suka fara neman takalmansu. Na dubi Baba, na roƙe shi da ido iya roƙo.

"Ku dakata," ya ce. "Akwai awo na biyu."

Ya fito da mita mai allura. Ya yi musu bayanin bokiti da matakala, a hankali, kamar yadda ya yi mini. Rabinsu ba su gane ba. Amma da ya ce wa nas ta zo ta dafa bangon, ta dafa, ta gane. Na ga fuskarta ta canza. Ta fita da gudu, muka ji ƙarar jan gado a ɗaya gefen, yaran suka tashi suna kuka. Da ta dawo ta tsaya a gaban Baba.

"Baba, tun yaushe?"

"Na'urar shekara biyu. Sanin kuwa tun jiya."

"Shekara biyu," ta ce, ta sake cewa, "shekara biyu." Ba ta zage shi ba, da ta zage shi da ya fi mini sauƙi.

Baba ya ɗaga murya ya ce akwai gyara, ya fara maganar kafasita. Babu wanda ya saurara. Kowa magana yake yi lokaci ɗaya, matar tela tana cewa ai ta faɗa, direba ya daina dariya. Na yi ta cewa ku ji shi mana, shi ne fa ya gaya muku, da ya yi shiru da kun tafi. Muryata ta ɓace a cikin tasu. Wakili ya kira mai gyara a take, aka fasa bangon ta ɗakin nas. Robar wayar ta yi baƙi ta narke, tana farfashewa a hannu, tagullar a tsirara. Wakili ya dubi wayar, ya dubi Baba, ya ce cikin sanyin murya, "Na gode da ka faɗa. Amma ka san ba zan iya ce wa matar nan ta kwana kusa da abin nan ba, ko ka gyara shi sau goma." Baba ya ce ya sani.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ranar Lahadi ya kwashe taransifomomi da zoben. Kwalaben ni na zubar da ruwansu. Amma da mutumin ya miƙa hannu zai ɗauki bututun, Baba ya riƙe ya ce wannan ba a yanka shi da wuƙa, yadda aka naɗa shi haka za a warware. Bayan mutumin ya tafi ya lalubo tsohon kwarkwaron a akwati, ya zura fensir a ciki, ya miƙo mini. Na zauna a kujerar Innarmu, domin babu wata.

Ya fara juya bututun baya, ina naɗewa, yana ƙirgawa daga dubu da ɗari zuwa ƙasa. Labule a buɗe yake, rana tana shigowa, a ɗaya gefen bango muna jin mai gyara yana shafa siminti. Mun wuce dubu, mun wuce ɗari takwas, kafaɗata ta fara ciwo. Can sai na ji wayar ta ɗan tirje a yatsuna. Ɗan ƙullin dalman ne ya iso.

Baba ya tsaya. Ya shafa shi da babban yatsa, ya kawo shi kusa da idonsa, ya daɗe. Sannan ya ɗauki filaya ya yanke wayar ta nan da ta nan, ya sa ɗan guntun a aljihun gaban rigarsa, ya danna aljihun da tafin hannu. Ya ɗaure bakin wayar da ya rage, ya kama bututun zai ci gaba, sai ya tsaya, leɓɓansa suna motsi babu sauti. Ya ɗago ya dube ni.

"Mamana, nawa muka kai?"

Ban sani ba. Tunda nake da shi ban taɓa ƙirgawa ba idan yana ƙirgawa, ba a taɓa bukata ba. Muka zauna, shi da bututu a cinya, ni da fensir a hannu, har mai gyara ya gama shafensa ya tafi.